Ciwon daji a Najeriya: mata sun fi kamuwa, maza sun fi mutuwa idan ya kama su

Idan ka ɗauki alƙaluman shekarar 2022 da cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar, wannan da ke birnin Liyon a Faransa, za ka ga an rubuta wa Najeriya sabbin masu ciwon daji kusan 128,000 a shekara ɗaya, waɗanda suka rasu kuma kusan 80,000. Ni dai ba jimillar ce ta fi tsaya min a rai ba, yadda ta rabu ne. Mata kusan 80,000, maza wajen 48,000. Wato cikin duk mutum goma da aka ce suna da sankara a ƙasar nan, shida da ɗoriya mata ne. A Amurka ko Ingila ko Caina ba haka abin yake ba, can maza ne a gaba.

To amma juyo ta wajen mutuwa ka gani. Mata sama da 46,000, maza kusan 33,000. Idan ka auna da yawan masu kamuwa, a gefen mata duk sabbin kamu 100 ana samun mutuwa wajen 58, a gefen maza kuwa wajen 68. Kenan maza sun fi ƙarancin kamuwa amma idan ya kama ɗin ya fi tafiya da su. Kuma duka biyun fa lambobi ne masu tayar da hankali, don a Amurka a wannan shekarar an samu sabbin kamu wajen miliyan 2.4, mutuwa wajen 600,000, ɗaya bisa huɗu kenan, mu kuma muna maganar shida cikin goma.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba mu fi Turawa kamuwa da wannan ciwo ba, ko kusa. A lissafin da ake yi na duk mutum 100,000, bayan an daidaita bambancin shekaru, Najeriya tana kan ɗari da 'yan kai ne, Amurka ta haura 350, Ostareliya ta haura 450. Su ne ke da yawan ciwon, mu kuma idan ya kama mu ya fi kai mu kabari. Kuma ko irin dajin ma ba ɗaya ba ne. A duniya baki ɗaya na huhu ne lamba ɗaya a 2022, saboda taba, mu kuwa na huhu yana can ƙasa a jerin, wani ɓangare don shan sigari bai yi yawa a nan ba musamman a tsakanin mata, wani ɓangaren kuma don mutum zai yi ta tari yana rama a ɗora shi kan maganin tarin fuka wata shida, har ya rasu ba wanda ya duba ko wani abu ne daban.

Wannan ya kawo mu kan tambayar da ya kamata a fara yi kafin a riƙe kowace lamba: wa ya ƙirga? Ai ba wai akwai wani ofis a Abuja da duk mai sankara yake zuwa ya sa hannu ba. Kiyasi ne. Ana ɗaukar bayanan wasu 'yan cibiyoyin rajistar masu ciwon daji da ke bin al'ummar wani yanki, a lissafa, sannan a shimfiɗa a kan ƙasar gaba ɗaya. Mafi tsufa ita ce ta Ibadan da aka kafa tun 1960, sai irin su Abuja da Kalaba da Ekiti, kuma waɗannan su ne aka fi dogara da su wajen fitar da kiyasin ƙasa. Duba sunayen da kyau. Ba Kano, ba Sakkwato, ba Maiduguri. Kamar a ɗanɗana miyar gidan maƙwabta ne a ce an san gishirin ta gidanka. Asibitocin koyarwa na Arewa suna da nasu bayanan, amma yawanci na wanda ya iso asibitin ne har aka yanki tsoka aka gwada, ita kuwa matar ƙauye da ta rasu a ɗakinta da ciwon da aka ce jifa ne ko iska, ba ta shiga littafin kowa ba. Don haka duk jerin da zan kawo a karanta shi da wannan a zuciya.

Na farko a ƙasa baki ɗaya, ko an haɗa maza da mata, sankarar mama ce. Sama da 32,000 a shekara, kashi ɗaya bisa huɗu na duk ciwon dajin ƙasar, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari na duk wanda ke kama mata. Mutuwa sama da 16,000. Ita kaɗai ta isa ta bayyana rabin dalilin da ya sa mata suka rinjayi maza a lissafi. Sauran rabin kuma maganar shekaru ce: mu ƙasa ce ta yara da matasa, rabinmu ba su kai shekara 20 ba, su kuma cututtukan dajin maza irin na furostet, wato ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, sai an manyanta suke zuwa, alhali na mama da na bakin mahaifa suna kama mace tana 'yar shekara arba'in da wani abu, wani lokacin ma talatin da wani abu, tana da goyo ko yara 'yan firamare.

Nan ne abin ya fi ciwo gaskiya. A Turai yawancin masu sankarar mama sun wuce hamsin ko sittin. A nan likitoci sun daɗe suna ganin ta a mata masu ƙarancin shekaru, kuma irin mai zafin nan da ba ta jin maganin toshe sinadarin jikin mace tana da yawa a tsakanin matan Afirka ta Yamma. Wani babban bincike da aka yi a Ibadan aka wallafa a 2018, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Cikago take cikin jagororinsa, ya gano kusan ɗaya cikin takwas na matan da ke da ciwon gadonsa suka yi, wato akwai tangarɗa a ƙwayoyin halitta irin su BRCA1 da BRCA2. Wannan adadi ya fi abin da aka saba gani a Turawa. Ma'anarsa a aikace kuwa mai sauƙi ce, idan mahaifiyarki ko yayarki ko innarki ko gwaggonki ta yi wannan ciwon, ko na ƙwan mahaifa, to ke ba irin kowa ba ce, kuma gadon yana iya biyowa ta wajen uba ma ba sai ta uwa kawai ba. Amma a gidajenmu wa yake faɗa? Sai dai a ce wance ta yi jinya Allah ya karɓi abarsa, 'ya'yanta mata ba su ma san me ya kashe ta ba.

Sai maganar lokaci. Yawancin matan da ke zuwa asibiti a Najeriya da wannan ciwo, sama da kashi biyu bisa uku, sai ya kai mataki na uku ko na huɗu suke isowa, wato ya riga ya shiga hammata, ko ya fashe ya zama gyambo, ko ya tafi huhu da ƙashi. Akwai wani bincike da ya bi mata a ƙasashen Afirka biyar aka fitar da sakamakonsa a 2020, bayan shekara uku da gano ciwon kashi 90 cikin ɗari na fararen matan Namibiya suna raye, baƙaƙen matan Namibiya kashi 56, na Yuganda 44, na Najeriya 36. Mu ne a ƙarshe. Ciwo iri ɗaya, nahiya ɗaya.

An fi son a ɗora laifin a kan matan, wai jahilci, wai kunya, wai bin masu maganin gargajiya. Akwai wannan ba musu. Maganar nan ta cewa daji ba ya son allura, ko idan ƙarfe ya taɓa shi sai ya fantsama, ta kashe mata ba adadi, kuma asalinta ba wuyar ganewa: ana kai mace asibiti ne bayan ya riga ya bazu, a yi aiki, ta rasu bayan wata uku, sai dangi su ce ai aikin ne ya kashe ta, labarin ya zagaya unguwa, ta gaba ta ƙi zuwa sai nata ya bazu, a haka abin ke ta juyawa. Ga tsoron a cire nono miji ya juya baya ko ya ƙaro aure, wanda kuma ba tsoron banza ba ne, yana faruwa. Amma ni a ganina rabin laifin na tsarin ne. Mata da yawa suna zuwa da wuri fa, sai dai inda suke zuwa. Ta je kemis a ce maruru ne a ba ta kafso, ta je ƙaramin asibiti a ce kumburin shayarwa ne, wani ma ya tsaga ya cire ƙullutun ya jefar bai aika an gwada ba, kafin a tura ta inda ya dace an ci wata takwas ko shekara. Ƙullutun da ba ya ciwo shi ne abin tsoro, mu kuma mun saba sai abu ya yi ciwo yake zama cuta. Kuma ba kowane ƙullutu ne daji ba, yawanci ma ba shi ba ne musamman a 'yan mata, amma ba a ganewa da ido ko da taɓawa, sai an ɗauki tsoka an duba. Af, maza ma suna yin ta, wajen ɗaya cikin ɗari na masu ita.

Ta biyu a mata ita ce sankarar bakin mahaifa, wajen 13,000 zuwa 14,000 a shekara, mutuwa sama da 7,000. A jerin ƙasa ta biyu ce a mata, amma a Arewa ina kyautata zaton ta fi haka nauyi. Wani nazari na shekara goma, 1995 zuwa 2004, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya nuna ita ce ta ɗaya a mata, ta wuce ta mama. Kuma akwai dalili. Yawan haihuwa da doguwar shayarwa suna rage haɗarin sankarar mama, amma yawan haihuwar da fara kwanciyar aure da ƙananan shekaru suna ƙara haɗarin ta bakin mahaifa, to ka ga rayuwar macen karkarar Arewa ta fi karkata ta wannan gefen.

Wannan ciwon kusan dukkansa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, HPV, wadda ake ɗauka ta saduwa. Kuma nan ya kamata a yi magana a fili don a nan ake cutar mata sau biyu. Ba ciwon 'yan bariki ba ne. Ƙwayar ta zama ruwan dare ta yadda yawancin mutanen da suka taɓa aure sun taɓa ɗaukar ta ba su sani ba, namiji yana ɗauke da ita ba alama ko ɗaya, ya auri wannan ya saki ya auri waccan, ko yana da uku a gida, matar da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samu. A yawancin mata jiki yana kore ta da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. A kaɗan ne take maƙalewa, ta yi ta canza fatar bakin mahaifa a hankali, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Iri biyu daga cikinta, lamba 16 da 18, su ke kawo wajen kashi 70 cikin ɗari. Mai ɗauke da cutar HIV kuma haɗarinta ya ninka sau shida.

Shekara goma sha biyar zuwa ashirin fa. Duk tsawon lokacin nan ana iya ganin canjin da gwaji mai arha, ma'aikaciyar lafiya ta shafa ruwan binega a bakin mahaifa ta haska, inda ya lalace sai ya yi fari, a ƙona wurin da wata 'yar na'ura cikin mintoci mace ta tashi ta koma gida. Akwai kuma gwajin ƙwayar HPV ɗin kanta wanda ya fi inganci, ana so a fara daga shekara 30, mai HIV daga 25. Amma matan da suka taɓa yin ko ɗaya a ƙasar nan ƙalilan ne. Abin da ake yi shi ne idan ruwa mai wari ya fara zuwa a ce sanyi ne, a yi ta shan maganin sanyi ana matsi, idan jini ya zo bayan saduwa a yi shiru don kunya, idan tsohuwa da ta daina al'ada shekara biyar ta ga jini a ce al'adar ce ta dawo. Ba al'adar da ke dawowa. Jini bayan an daina haila maganar asibiti ce a makon nan.

Tun Oktoban 2023 Najeriya ta saka rigakafin HPV cikin allurai na kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. An fara da jihohi 15 da Abuja, ciki har da Kano da Jigawa da Bauci da Kebbi, sauran suka biyo a Mayun 2024. Kuma kamar yadda kowa ya yi tsammani, saƙonnin murya suka cika WhatsApp cewa ana so a hana 'ya'yanmu haihuwa. Ni ba na raina mai wannan tsoron, duk wanda ya san abin da ya faru a Kano a 1996 lokacin gwajin maganin sanƙarau a kan yara, da rikicin allurar shan inna na 2003, ya san zargin ba daga sama ya faɗo ba. Amma wannan allurar tun 2006 ake yin ta a duniya, 'yan matan da aka yi wa a Ingila da Ostareliya sun girma sun yi aure sun haihu, kuma a Ingila an ga ciwon ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari a waɗanda aka yi wa suna 12 zuwa 13. Abin da ke raba mace da mahaifarta da gaske shi ne ciwon kansa.

Akwai kuma na ƙwan mahaifa, wanda ba shi da yawa kamar waɗancan biyun amma mugu ne don ba ya nuna kansa sai ciki ya kumbura. Shi ne ajalin Maryam Babangida a Disambar 2009 a Amurka, kuma ba rashin kuɗi ko rashin likita ba ne matsalarta.

To mu dawo kan maza da wannan mutuwa 68 cikin ɗari ɗin nasu. Na ɗaya sankarar furostet, wajen 18,000 a shekara, sama da kashi ɗaya bisa uku na duk dajin maza, mutuwa sama da 11,000. Furostet wani ɗan ƙullutu ne a ƙasan mafitsara wanda bututun fitsari ya ratsa ta tsakiyarsa, maza kaɗai ke da shi. Kusan duk namijin da ya tsufa nasa yana kumbura, fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ya tashi sau huɗu cikin dare, alwala ta ƙi riƙuwa, kuma yawanci wannan kumburin tsufa ne ba daji ba. Matsalar ita ce dajin a farkonsa ba ya ba da wata alama ta daban, wani lokacin ba ya ba da ko ɗaya. Sai dattijo ya zo da ciwon baya da ya ƙi jin magani, ko ƙafafu sun mutu, a duba a ga ya riga ya shiga ƙashin baya. A Amurka wannan ciwon yana daga cikin waɗanda aka fi rayuwa da su, mutum ya yi shekara goma sha yana harkarsa, duk da cewa can ma baƙar fata sun fi farare kamuwa da mutuwa. A nan kuwa mutuwa ta haura shida cikin goma na sabbin kamu. Akwai gwajin jini da ake kira PSA, ba shi da tsada sosai, kuma ba cikakke ba ne don yana iya hawa ba tare da daji ba, amma ga baƙin mutum da ya kai 45 zuwa 50, musamman wanda mahaifinsa ko wansa ya yi ciwon, hira ce da ya kamata ya yi da likita. Wahalar ita ce ɗaya gwajin, na sa yatsa ta dubura, wanda Alhaji zai gwammace komai da a yi masa. Mata ko ba komai awon ciki yana kai su gaban ma'aikatan lafiya, namiji kuwa yana iya shekara talatin bai taka asibiti don kansa ba sai dai dubiya.

Na biyu a maza na hanji da dubura ne, wanda idan an haɗa maza da mata ya kai wajen 8,000. Wannan kam basir ya ɓoye shi. Duk jinin da ya fito a bayan gida basir ne, duk canjin bahaya basir ne, rama da kasala ma basir ne, ga masu magani da lasifika a kowace kasuwa da tasha. Mutum zai shekara biyu yana shan jiƙo. A namu marasa lafiyan kuma an lura yana yawan zama can ƙasa kusa da dubura, kuma yana zuwa da ƙarancin shekaru fiye da na Turawa, don haka maganar wai ciwon tsofaffin masu kuɗi ne ba ta da tushe.

Sai hanta, kuma a nan ne nake ganin jerin ƙasa ya fi yi mana ƙarya. A takarda 'yan dubbai ne, wajen 4,000 da ɗoriya, amma adadin mutuwar kusan daidai yake da adadin kamuwa, ma'ana kusan ba mai tsira. Kuma da yake yana kisa cikin watanni, ga shi ba kasafai ake ɗaukar tsokar hanta a gwada ba, da yawa ba sa shiga rajista. Kowa ya san labarin irinsa: magidanci ɗan shekara 35 ko 40, ido ya yi ɗorawa a ce shawara ce, ciki ya kumbura a ce sammu ne ko an ba shi wani abu ya ci, kafin wata huɗu an yi sadakar uku. Babban sanadin shi ne ciwon hanta nau'in B. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna wajen kashi 8 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da shi, maza sun fi mata, kuma yawancinsu tun suna jarirai ko yara suka ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko ta aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire beli. Wanda ya ɗauka yana jariri kusan tara cikin goma yana zama da shi har abada, yana cin hantar shiru. Sannan ga gubar da ke fitowa daga fumfunar gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, wadda ake kira afulatoksin. Idan ta haɗu da ciwon hanta B haɗarin ba ƙaruwa kawai yake ba, ninkuwa yake. Gyaɗar da aka tsince aka ware don ta lalace, ita ce fa sau da yawa ake sayarwa da arha ta koma ƙuliƙuli da tunkuza.

Rigakafin wannan ciwon hantar yana cikin allurar yara tun 2004, kuma mafi muhimmanci ita ce ta farko, cikin awa 24 da haihuwa. To a Arewa maso Yamma binciken lafiya na 2018 ya nuna wajen kashi 16 cikin ɗari ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti, sauran a gida, mai jego kuma ba ta fita sai bayan suna ko ma arba'in. Kenan allurar da ta fi kowace hana dajin hanta tana wuce mafi yawan jariranmu a ranar farko.

Akwai kuma wanda jerin ƙasa bai ba shi muhimmanci ba amma likitocin fitsari na Arewa sun san shi sarai, sankarar mafitsara ita kanta, wadda mutane ke yawan haɗa ta da ta furostet alhali daban suke. A wancan nazarin na Kano ita ce ta biyu a maza, a wani na Sakkwato ma ita ta zo ta ɗaya. Dalilin tsargiya ne. Yaro yana wanka a kududdufi ko yana aiki a fadamar shinkafa, tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi ta huda fata ta shiga, ta yi ta zuba ƙwai a bangon mafitsara, yana fitsarin jini ana cewa ai alamar balaga ce zai daina. Jinin yana iya tsayawa amma ƙwan suna nan suna gurzar wurin shekara ashirin, talatin, har ya rikiɗe. Wuraren noman rani irin su Kadawa da Bakolori da kewayen madatsun Tiga da Goronyo sun kawo abinci da arziki, sun kuma ba dodon koɗi gida. Maganin tsargiya ƙwaya ce da ake sha sau ɗaya, har kyauta ake rabawa a makarantu, sai dai yaron da ke fadama ko almajiranci ba ya ajin da ake rabawar.

Idan ka tara waɗannan, bakin mahaifa da hanta da mafitsara, ka ƙara da dajin kaluluwa da ke kumbura muƙamuƙin yara wanda ke da alaƙa da zazzaɓin cizon sauro, za ka ga wani babban kaso na ciwon dajinmu asalinsa cuta ce mai yaɗuwa da ake iya tarewa da allura ko ƙwaya. Na Turawa ya fi alaƙa da taba da giya da ƙiba da tsawon rai. Mu muna da namu na talauci, ga nasu kuma yana shigowa birane. Zabiya ma suna da nasu, dajin fata daga zafin rana, wanda hula da riga mai dogon hannu da man kariya ke ragewa sosai.

Shi ya sa nake ɗan jin wani iri idan duk maganar daji a bakin gwamnati ta koma maganar gini da na'ura. Ba wai ba a buƙata ba, ana buƙata ƙwarai. Wajen rabin masu ciwon daji suna buƙatar gashi da na'ura a wani mataki na jinyarsu, kuma shekaru da dama duk faɗin Arewa Zariya da Sakkwato da Gwambe da Abuja ake kallo, na'ura ta lalace a yi watanni, mai jinya ta taso daga Yobe ta kwana a barandar asibiti tana jiran layi ciwon yana gaba. A 2025 an buɗe sabbin cibiyoyi a Katsina da Inugu da Benin, ga cibiyar ƙasa ta bincike da maganin daji da ta fara aiki a 2023, ga asusun tallafin da aka fara a 2021 a asibitoci shida ciki har da Zariya da Gwambe, wanda ya shafi mama da bakin mahaifa da furostet kawai. Har shugabancin ƙungiyar yaƙi da daji ta duniya an zaɓi 'yar Arewa, Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, a 2024, ta farko daga Afirka. Duk ci gaba ne. Amma sama da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutum yake fita, kemo kuma, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa a jini, ba sau ɗaya ake yi ba, zagaye shida ko takwas ne, sai a sayar da gona a yi uku kuɗi ya ƙare a koma gida, ga likitocin da suka ƙware suna ta ficewa Saudiyya da Ingila. Na'urar da ta fi kowace tsada ba abin da za ta yi wa wanda ya iso a mataki na huɗu sai rage raɗaɗi, kuma ko maganin raɗaɗin mai ƙarfi irin mofin ba a ko'ina ake samu ba.

Kuma asusun nan da ya zaɓi cututtuka uku, daga jerin ƙasa ya zaɓo su, jerin da aka gina a kan Ibadan da Kalaba da Ekiti da Abuja. Manomin Kura mai sankarar mafitsara da magidancin Gusau mai ta hanta ba sa ciki. Kafin su shiga sai an samu rajistar da ke bin al'umma da gaske a Kano da Sakkwato da Maiduguri, mai ma'aikata da albashi, wadda za ta bi asibitocin gwamnati da na kuɗi da ɗakunan gwaji tana rubuta kowane kamu, har bayananta su kai ingancin da za a saka su cikin kiyasin ƙasa.